Janis Joplin: Mawaƙiyar da naɗin bayan fage ya yi wa shaida

Yau za mu yi nisan zango, mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu kuma koma baya fiye da shekara 50, domin duba rayuwar wata mawaƙiya da ta rasu tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Sunanta Janis Joplin, kuma a duniyar kiɗan rok har gobe ana lissafa ta cikin manyan muryoyin da aka taɓa yi.

Abin da ya haɗa ni da ita aikin makaranta ne. An ba mu jinga kan haƙƙin mallaka, garin bincike sai na faɗa kan wani tsohon naɗi na wasan da ta yi a birnin Frankfurt na Jamus ta Yamma ranar 12 ga Afrilun 1969. Sautin ba shi da tsafta, hoton ma ya sha jiki. Na ce bari in ɗan leƙa minti biyu in wuce. Wallahi ban tashi ba sai da ya ƙare. Daga nan na shiga neman ko wace ce wannan mata, da kuma dalilin da ya sa irin wannan naɗi ya fi shekara 50 yana yawo hannu da hannu.

Mene ne naɗin bayan fage?

Kafin mu shiga tarihinta, bari mu fahimci wannan. Akwai satar fasaha da muka sani, wato mutum ya kwafi faifan da kamfani ya fitar ya riƙa sayarwa. Naɗin bayan fage daban yake. Shi abu ne da mai waƙar ko kamfaninsa ba su fitar ba sam. Wani ne zai shiga zauren wasa da rikoda a ɓoye cikin riga, ko ya naɗe abin da gidan rediyo ko talabijin ya watsa, daga baya a buga shi a faifai a sayar ba tare da izini ba. Turawa na kiransa bootleg, sunan da ya samo asali daga 'yan fasa-ƙwaurin barasa da ke cusa kwalabe cikin dogon takalmi. Wanda ya taɓa jin tsohon kaset ɗin Shata da aka ɗauka a wajen biki, ga guɗa, ga hayaniya, ga maroƙi na ta aikinsa, to ya san ɗanɗanon abin da nake nufi.

A watan Yulin 1969 ne wannan kasuwa ta buɗe sosai a kiɗan rok, lokacin da wasu matasa a Los Angeles suka fitar da waƙoƙin Bob Dylan da ba a taɓa saki ba, cikin farin bango da babu ko rubutu. A lokacin dokar tarayyar Amurka ba ta ma fara kare naɗaɗɗen sauti ba, sai a watan Fabrairun 1972. Ka ga ke nan shekarar da wannan harka ta kankama ita ce daidai shekarar da Janis ta fara cin gashin kanta a waƙa.

Yarinyar da garinsu bai so ba

An haifi Janis Lyn Joplin ranar 19 ga Janairun 1943 a Port Arthur, wani garin matatun mai a jihar Texas. Mahaifinta injiniya ne a kamfanin Texaco, mahaifiyarta kuma tana aiki a wata kwalejin koyon kasuwanci. Ita ce babba cikin 'ya'ya uku. Gida ne na rufin asiri, ba yunwa ba tsiraici. Matsalarta a waje take.

A sakandare ta yi ƙiba, ƙuraje suka cika mata fuska, ga ta ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Zamanin wariyar launin fata ne a kudancin Amurka, ita kuwa farar fata ce da ba ta ga dalilin ƙyamar baƙaƙe ba, kuma tana faɗa. 'Yan ajinsu suka sa ta a gaba da tsokana da baƙaƙen sunaye. Sai ta koma ga zane da karatun littattafai da wasu 'yan tsirarun abokai maza da su ma ba su dace da garin ba. A wajensu ta fara jin faya-fayen Bessie Smith da Lead Belly da Odetta, wato kiɗan blues da waƙoƙin gargajiya na baƙaƙen Amurka, waɗanda aka gina kan ƙunci da haƙuri. Tana kwaikwayonsu sai ta gano ashe tana da murya.

Ta gama sakandare a 1960. A 1962 tana Jami'ar Texas da ke Austin, tana waƙa a ƙananan wurare, tana yawo ba takalmi. A can ma ba ta tsira ba. Wasu ɗalibai suka sa sunanta a gasar zaɓen namijin da ya fi kowa muni a jami'ar. Ku duba fa, mace, 'yar shekara 19. A watan Janairun 1963 ta tattara ta bar Texas, tana tare motoci a hanya har San Francisco.

A can ta riƙa waƙa a shagunan shan kofi. A 1964 ta je gidan wani makaɗin jita, Jorma Kaukonen, suka yi atisaye ya naɗa a rikodarsa, matarsa na gefe tana buga tafireta. Ana jin ƙarar tafiretar tsaf a ƙarƙashin waƙoƙin. Wannan kaset ya yi shekaru da dama yana zagayawa ta bayan fage, sai a 2022 aka fitar da shi a hukumance. To amma a wannan zama ne ta faɗa shan ƙwaya da barasa. Zuwa 1965 ta rame har ta koma kilo 40 ko kusa da haka. Abokanta suka yi karo-karo suka sa ta a mota ta koma gida. Ta sake shiga kwaleji, ta gyara shiga, har aka yi mata baiko, amma maganar auren ta watse.

Suna ya fito

A watan Yunin 1966 wani tsohon abokinta, Chet Helms, ya sa aka dawo da ita San Francisco don ta zama mawaƙiyar wata ƙungiya mai suna Big Brother and the Holding Company. Shekara guda bayan haka, a bikin kiɗa na Monterey na Yunin 1967, ta rera Ball and Chain, waƙar Big Mama Thornton, ta girgiza wurin. Abin lura a nan shi ne, wasansu na farko ba a ɗauke shi a fim ba saboda saɓani da masu ɗaukar. Sai da aka sake ba su dama washegari kyamara ta kama. Da ba a naɗa ba, da sai dai labari. Tun daga ranar rayuwarta ta ɗaure da na'urar ɗaukar sauti.

Kamfanin Columbia ya ɗauke su, Albert Grossman wanda ke kula da Bob Dylan ya zama manajansu. A watan Agustan 1968 suka fitar da kundin Cheap Thrills, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka ya yi mako takwas a can. Ga wani abin dariya: an shirya kundin ne ya yi kamar a gaban jama'a aka ɗauke shi, alhali yawancinsa a situdiyo aka yi, aka ɗora tafi da shewa daga baya. Ball and Chain ce kaɗai aka ɗauko daga wasa na gaske. Wato faifan da ke da izini shi ne mai kwalliyar aro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta fita ita kaɗai

Suna na ƙaruwa, gutsiri-tsoma na ƙaruwa. Masu sharhi suka yi ta cewa muryarta ta fi ƙarfin makaɗanta. Ita kuma ranta na kan irin kiɗan Otis Redding, mai mabusa da tsari. Ranar 1 ga Disambar 1968 ta yi wasanta na ƙarshe da Big Brother, ta ja mutum ɗaya daga cikinsu, makaɗin jita Sam Andrew, aka haɗa mata sabuwar ƙungiya cikin gaggawa, wadda daga baya aka sani da Kozmic Blues Band.

Mako uku kacal bayan haka, ranar 21 ga Disamba, aka kai su Memphis, wajen bikin kamfanin Stax, wato cibiyar irin kiɗan da take son ta koma yi. 'Yan kallo, yawancinsu baƙaƙen fata da suka saba da gwanaye, suka kalle ta shiru, tafin ma da ƙyar. Ƙungiyar ba ta nuna ba, kowa ya ji. A watan Maris na 1969 mujallar Rolling Stone ta yi mata dogon sharhi mai zafi, wani babban marubucin San Francisco, Ralph Gleason, ya ba ta shawara a jarida ta rushe ƙungiyar ta koma inda ta fito. Mutanen San Francisco kuma na ganin ta ci amanar abokan tafiyarta don neman suna. Gaba kura baya sayaki ke nan. Ga nauyin shugabancin makaɗa da ba ta taɓa ɗauka ba, ga mambobi na shiga suna fita. A wannan shekara ce ta nutse sosai cikin allurar hiroyin.

Da a ce jaridun wancan lokaci kaɗai suka rage mana, da hukuncin da za mu yanke shi ne 1969 shekarar faɗuwa ce, ta yi kuskure da ta fita, shi ke nan.

Abin da naɗin Turai ya nuna

A watan Afrilun 1969 ta tafi rangadinta na Turai, wanda shi ne na farko kuma na ƙarshe. Ta yi wasa a Stockholm da Amsterdam da Frankfurt da Paris da Copenhagen da Landan. Gidajen rediyo da talabijin sun ɗauki wasu daga cikin wasannin, kuma daga nan ne naɗe-naɗen suka sulale zuwa hannun masu buga faifan bayan fage. Wasan Amsterdam na ranar 11 ga wata da na Frankfurt na washegari su ne suka fi yawo.

A na Frankfurt, zauren cike yake da matasan Jamus da kuma sojojin Amurka da ke zaune a ƙasar. Abin da ka fara lura da shi shi ne ƙungiyar da aka ce ba ta iya ba, ga ta nan ta haɗe. Mabusa na amsa mata kamar 'yan amshi, Snooky Flowers mai busa babban saksofon na taya ta rawa da barkwanci. A Summertime ta sauke murya ƙasa ƙasa, siririya kamar zare, har kana tsoron kada ta tsinke. A Ball and Chain kuma ta ɓarke, ta dakatar da kiɗa, ta tsaya ita kaɗai tana jan kalma ɗaya tana murɗa ta. Can wajen ƙarshe ta riƙa miƙa hannu tana jawo 'yan kallo kan dandamali, har wurin ya cika maƙil, tana tsakiyarsu tana waƙa, gumi na zuba, tana dariya kamar ƙaramar yarinya. Babu tafin aro a nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: inda numfashi ya ƙare mata ana ji, inda muryar ta dushe ana ji, inda ta yi abin da ba mai iya maimaitawa shi ma ana ji.

Ranar 21 ga Afrilu ta cika zauren Royal Albert Hall na Landan, ta tayar da Turawan Ingila tsaye suna rawa, jaridun can suka yaba. Amma mutanen gida Amurka ba su ga wannan ba. Kundin da ta yi da ƙungiyar ya fito a watan Satumba, ya kai matsayi na biyar, sai dai mutane da yawa na ganin bai kamo zafin da take da shi a dandamali ba. Wani yanki na wasan Frankfurt ya fito a fim ɗin tarihinta na 1974, waƙa ɗaya kuma a wani kundi na 1982. Sauran, masoya ne suka adana, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa CD, yau ga shi a intanet. Su ne suka sa duk mai kunne zai iya saurara ya yanke nasa hukuncin.

Shaidar da ba sani ba sabo

Kada mu yi saurin tafa wa masu naɗin bayan fage. Na'ura ba ta san sani ko sabo ba. Yadda ta kama ranar nasara haka take kama ranar kunya.

A bikin Woodstock na Agustan 1969, Janis ta yi kusan awa goma tana jiran layinta, ta cika cikinta da barasa da ƙwaya, ba ta hau dandamali ba sai wajen ƙarfe biyun dare. Ta yi abin da za ta iya, jama'a sun yi ta shewa, amma ita ta san ba ta kai yadda ta saba ba. Ba ta so a sa wasan a fim ɗin bikin da ya fito a 1970 ba, kuma ba a sa ba. Bayan ta mutu fa? A 1994 aka saka waƙa ɗaya a sabon zubin fim ɗin, a 2009 aka fitar da wasan gaba ɗaya. Abin da ta ɓoye da ranta, yau kowa na kallo da danna waya sau ɗaya. Masu buga faifan bayan fage kuwa, ko sisi ba su ba ta ba, ba su ba makaɗanta ba. Har wasanta na ƙarshe a duniya akwai wanda ya naɗe aka buga aka sayar.

Shekarar ƙarshe

Ƙungiyar Kozmic Blues ta watse a Disambar 1969, bayan wasa a Madison Square Garden na New York. A Fabrairun 1970 Janis ta tafi Birazil, ta yi ƙoƙarin rabuwa da hiroyin, kuma ta samu sauƙi na wani lokaci. Ta dawo ta kafa Full Tilt Boogie Band, yawancinsu 'yan Kanada, ƙungiyar da ta ji a ranta cewa tata ce. Suka ratsa Kanada a jirgin ƙasa tare da wasu mawaƙa suna wasa gari gari.

A watan Agusta ta yi abubuwa uku da suka taƙaita rayuwarta. Ta haɗa kuɗi da wata mata suka sa dutsen shaida a kabarin Bessie Smith, wadda ta rasu tun 1937 aka bar kabarinta ba ko alama. Ranar 12 ga wata ta yi wasanta na ƙarshe a filin wasa na Harvard. Sannan ta koma Port Arthur taron cika shekara goma da gama sakandare, da gashin tsuntsu a kanta da tabarau, don ta nuna wa masu tsokanarta abin da ta zama. 'Yan jarida suka tare ta da tambayoyi kan zamanin makaranta. Wannan ma an ɗauka a kyamara. Tana murmushi, amma duk wanda ya kalli idonta ya san miki bai warke ba.

Daga nan ta wuce Los Angeles ɗaukar sabon kundi tare da Paul Rothchild. Aiki na tafiya lafiya, kowa na murna, ashe ta koma wa allura a ɓoye. Ranar 1 ga Oktoba ta rera Mercedes Benz ba kiɗa, a ɗauka ɗaya. Ranar 4 ga Oktoban 1970 aka tsinci gawarta a ɗakinta na otal a Hollywood. Hiroyin ce ta yi mata yawa. Shekarunta 27, kwana 16 bayan mutuwar Jimi Hendrix, shi ma yana da 27. Akwai waƙar da aka gama kiɗanta ana jiran ta zo ta ɗora murya, haka aka fitar da ita ba murya.

Kundin, mai suna Pearl, ya fito a Janairun 1971, ya yi mako tara a matsayi na ɗaya. Waƙar Me and Bobby McGee da ke ciki ita ce kaɗai waƙarta da ta taɓa zama ta ɗaya a Amurka, kuma ba ta ga ranar ba. A 1995 aka shigar da sunanta zauren karrama gwanayen kiɗan rok.

Abin da ya rage mana

Duk tsawon aikinta ita kaɗai bai cika shekara biyu ba, kundi ɗaya tak ta gani da idonta a wannan tsakani. Shi ya sa kowane guntun naɗi nata ke da daraja, shi ya sa kuma maganar ke da wuyar yankewa. A takardar jingata na rubuta cewa naɗin bayan fage tauye haƙƙi ne, kuma har yanzu ina kan bakana. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba don shi ba da ban san Janis ta watan Afrilun 1969 ba, da na ɗauki maganar masu sharhi na wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a zamaninta sai mutum ya yi dabara kafin ya shigar da rikoda zauren wasa. Yau kowannenmu na yawo da ita a aljihu. A biki, a aji, a wajen rasuwa, a inda wani ya yi tuntuɓe, hannu na kai wa waya kafin tunani ya iso. Abin da ka ɗauka zai iya wanke mutum bayan shekara 50, zai kuma iya tona masa asiri bayan ƙasa ta rufe idonsa, lokacin da ba shi da bakin kare kansa. Kafin ka danna turawa, ɗan uwa, tambayi kanka ko mai abin zai yarda.

Sannan ga ɗaya gefen. Naɗin Frankfurt ya ƙare ne da tafi, bai bi ta ɗakin otal ba. Dubban mutane sun yi mata shewa, amma shewar ba ta goge abin da 'yan ajinsu suka rubuta mata a zuciya ba, ƙwayar da ta nemi mafaka a cikinta kuma ita ta kashe ta. Idan akwai wani a ajinku ko unguwarku da aka mayar abin dariya, kada ka zama cikin masu dariyar. Idan kuma kai ne ake yi wa, nemi wanda za ka faɗa wa damuwarka tun kafin kwalba ko ƙwaya ta riga shi zuwa.

Allah Ya tsare mu, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.